Shafin Intanet Mai Araha Ga Ƙaramar Sana'a: Kuɗin Shekara Ta Biyu Da Sunan Da Ke Kan Rajista

Ranar Litinin 4 ga Oktoban 2021, bayan la'asar agogon Najeriya, WhatsApp ya tsaya cak. Da farko kowa ya ɗora laifin a kan kamfanin layinsa. Wasu suka kashe waya suka kunna, wasu suka sake sayen data a banza. Sai can aka gane cewa matsalar daga kamfanin Facebook take, kuma ta haɗa da Instagram da Facebook ɗin kansa. Kusan awa shida aka yi a haka. Mai hira da abokai bai rasa komai ba sai hira. Amma mai sayar da humra da turaren wuta daga ɗakinta, wadda hotunan kayanta da farashinsu da odar da aka yi mata duk suna cikin waɗannan manhajoji uku, shagonta aka garƙame ba tare da an ba ta makulli ba.

A shekarar dai gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya, daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, wata bakwai ke nan. Waɗannan su ne manyan da kowa ya gani. Ƙananan sun fi yawa, kuma kullum suna faruwa: a yi wa mutum kutse a Instagram a canza kalmar sirri, WhatsApp ya rufe lamba saboda yawan tura talla ga waɗanda ba su ajiye ta ba, ko a fizge waya a cikin adaidaita sahu a tafi da ita da kwastomomin shekara uku.

Shi ya sa matasa masu ɗinki, masu gyaran waya, masu kek da cincin, masu kawo atamfa daga Kantin Kwari suna sayarwa ta waya, suke ƙara tambayar nawa ake gina shafin intanet. Amsar da suke samu ta bambanta sosai. Wani zai ce kyauta ne, wani ya faɗi kuɗin da ya fi jarin sana'ar. Dukkansu suna iya zama masu gaskiya, domin ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce nawa shafin zai ci a shekara ta biyu, kuma sunan wa ke kan rajistarsa.

Abu uku ake biya wa kuɗi

Na farko adireshi ne, wanda masu harkar ke kira domen, wato sunan da ake rubutawa a burauza a iso shafin. Na biyu masauki ne, hostin, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana ajiye da hotuna da rubutun shafin. Na uku aikin gini ne, ko mutum ya yi da kansa ko ya biya wani.

A kasuwa, wannan tamkar lambar shago ce, da ɗakin shagon, da kafintan da ya buga kanta. Kafinta sau ɗaya ake biyansa. Sauran biyun haya ne. Babu wanda ke sayen domen ya zama nasa har abada, ko da kuwa mai ginin ya ce "an saya maka". Ana yin rajistarsa ne na shekara ɗaya ko fiye, idan wa'adi ya cika a sabunta, idan ba a sabunta ba ya fita daga hannu. Rashin fahimtar wannan shi ne mafarin yawancin rigimar da ake yi tsakanin masu sana'a da masu gina musu shafi.

A Najeriya, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ita ke kula da adireshin da ya ƙare da .ng. Ba ita ke sayar wa mutum kai tsaye ba, akwai kamfanonin da ta amince da su, irin su QServers. Adireshi mai .com.ng ya fi .ng zalla araha, kuma duka biyun da naira ake biya, ta kati ko tiransifa. Nijar tana da .ne, Gana .gh, Kamaru .cm. Shi kuwa .com da kowa ya sani, wani kamfanin Amurka mai suna Verisign ke riƙe da shi, kuma farashin sarinsa kaɗai ya haura dala 10 a shekara. Ko da kamfanin gida ne ya sayar da shi da naira, dala ce a ƙarƙashi, kuma duk lokacin da ta motsa shi ma zai motsa.

Wannan motsin ba ƙarami ba ne. Kafin watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa farkon 2024 ta wuce naira 1,500. Duk wanda ya ɗora shafinsa a kan wani tsari da ake biya da dala, ya wayi gari kuɗin hayarsa ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara masa ko hoto ɗaya ba. Kafin nan ma, a 2022, bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar da shi gaba ɗaya. Akwai shafukan da suka mutu a lokacin alhali masu su suna da kuɗi a asusu, katin ne kawai ya ƙi wucewa. Ga mai sana'ar da kwastomominta ke Kano da Kaduna da Abuja, .com.ng ya wadatar, kuma ya raba ta da wannan zullumin.

Wajen zaɓen sunan, akwai abin da ya shafi Hausa musamman. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su dace da adireshi ba, domin mafi yawan mutane ba za su canza allon rubutu don su nemo su ba. Sai a rubuta "dinki" a adireshi, a bar "ɗinki" a cikin shafi. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a faɗi sunan cikin saƙon murya a tura wa mutum uku, a ce su rubuto abin da suka ji. Idan aka samu rubutu iri uku, sunan bai yi ba. Lamba a tsakiyar suna, da karan tsakiya, da harafin da aka ninka don ado, duk hanyoyin ɓatar da kwastoma ne.

Kyautar da ta ƙare

Akwai lokacin da matasa da yawa suka fara da adireshin kyauta mai ƙarewa da .tk ko .ml ko .ga, daga wani kamfani mai suna Freenom. A 2023 kamfanin ya daina yin sabuwar rajista bayan Meta ta kai shi kotu kan yadda 'yan damfara ke amfani da adireshinsa, a 2024 kuma ya sanar da barin harkar. Shafuka masu ɗimbin yawa suka ɓace.

Mutum zai iya cewa ai wannan ƙaramin kamfani ne. To, ga Google. Shekaru da dama yana ba masu ƙananan sana'o'i damar ƙirƙirar shafi kyauta daga bayanan kasuwancinsu na Google, mai adireshi da ya ƙare da business.site. A watan Maris na 2024 ya rufe wannan tsarin, ya bar adireshin yana kai mutane ga bayanan taswira na ɗan lokaci, zuwa watan Yuni shi ma ya tsaya. Wanda ya buga wannan adireshin a kan leda da sitika da allon shago, ya tashi da rubutun da ba ya kai kowa ko'ina.

Wannan ba ya nufin a guji duk abin kyauta. Masauki na kyauta yana da amfani ƙwarai, kuma za a zo kansa. Abin da bai kamata ya zama na aro ba shi ne sunan. Wanda adireshi ke hannunsa, idan masaukin ya rufe yau, gobe zai juya sunan zuwa wani masaukin, kwastoma ba zai ma san an yi ƙaura ba. Wanda kuwa adireshinsa reshe ne a jikin sunan wani kamfani, ranar da aka sare bishiyar da shi za a tafi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sunan wa ke kan rajista?

Nan ne aka fi yin asara, kuma galibi ba da mugun nufi ake farawa ba. A ɗauki misalin tela mai shago da yara biyu. Ya ba wani matashin unguwa da ya iya kwamfuta kuɗi dunƙule ya ce a yi masa shafi. Matashin ya buɗe asusu a kamfanin rajista da imel ɗinsa da lambar wayarsa, domin haka ya fi masa sauƙi, ya sayi adireshi, ya ɗora shafin a kan masaukin da yake haɗa shafukan mutum goma. Aiki ya yi kyau, kowa ya ji daɗi. Bayan wata goma sha ɗaya saƙon tunatarwa ya fara zuwa, amma imel ɗin matashin yake shiga. Shi kuma ya tafi bautar ƙasa a wata jiha, ko ya canza layi, ko sun yi saɓani da telan kan cikon kuɗi. Telan bai san komai ba sai ranar da wata kwastoma ta ce masa, "Malam, shafin naka fa ba ya buɗewa."

Adireshin da wa'adinsa ya cika ba ya tafiya nan take. Akwai 'yan makonni na sassauci da za a iya sabunta shi a farashin da aka saba. Bayan nan sai lokacin fansa, wanda ga .com kwana 30 ne, kuma kuɗin fansar ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Idan wannan ma ya wuce, sai a sake shi kasuwa, kowa na iya ɗauka. Akwai masu sana'ar jiran irin waɗannan adireshin, musamman wanda mutane suka saba ziyarta. Wani lokaci su nemi mai shi na asali ya saya da tsada, wani lokaci su cika shi da tallar caca. Sunan shagon mutum ne a sama, abin kunya a ƙasa.

Maganin bai kai minti ashirin ba. Mai sana'a ya buɗe asusun rajistar da kansa, a wayarsa, da imel ɗin da yake dubawa, ya biya da katinsa ko daga asusunsa na banki, ya ajiye rasit. Daga nan sai ya kira mai gini. Mai ginin ba ya buƙatar mallakar adireshin kafin ya yi aiki, abin da yake buƙata shi ne a juya adireshin zuwa masauki, kuma ana iya yin wannan suna zaune tare. Idan an riga an yi kuskuren, gara a gyara tun ana shiri: a roƙi mai ginin ya mayar da adireshin cikin asusun mai sana'ar, abin da kamfanonin rajista ke da hanyar yi. Mai gini na kirki ba ya jin haushin wannan buƙatar. Wanda ya fara kame-kame, ya ba da amsar da ake nema.

Imel ɗin kansa ma yana buƙatar tsaro, tunda duk wanda ya shiga cikinsa zai iya canza kalmar sirrin rajista. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, a rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda a ajiye a gida. A cikin wayar da za a iya sacewa ba wurin ajiyarsu ba ne.

Wane irin shafi sana'ar take buƙata?

Ba kowace sana'a ce ke buƙatar shago na intanet mai kwando da wurin biyan kuɗi ba. Gaskiya ma, mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ko mai wankin mota ya fi buƙatar bayyana a taswirar Google fiye da komai, kuma wannan kyauta ne ta Google Business Profile: suna, wuri, lokacin buɗewa, lambar waya, hotuna, da ra'ayin waɗanda aka yi wa aiki. Haka kundin kaya na WhatsApp Business, wanda aka ƙara a 2019, yana ɗaukar kaya har 500 da hoto da farashi. Wanda bai cika waɗannan biyun ba tukuna, bai kai ga kashe kuɗin shafi ba.

Mataki na gaba shi ne shafi mai fuska ɗaya: wane ne, me yake sayarwa, nawa ne, ina yake, yaya za a same shi. Mafi yawan ƙananan sana'o'i nan ya kamata su tsaya, aƙalla a shekarar farko. Blogger, wanda ke hannun Google tun 2003, yana ba da masauki kyauta kuma yana barin mutum ya haɗa adireshin kansa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Google Sites ma haka. Matashin da ya ɗan iya HTML zai iya ɗora shafi a GitHub Pages ko Cloudflare Pages ko Netlify, duk kyauta ga ƙaramin shafi, kuma suna da sauri. A wannan tsarin, abin da ake biya a shekara shi ne kuɗin adireshi kawai. Carrd yana da sauƙin sarrafawa da kyan gani, amma haɗa adireshin kai yana buƙatar biyan dala 19 a shekara. A canjin 460 wannan naira 8,740 ne, a canjin 1,500 kuma 28,500. Wix na kyauta yana liƙa tallarsa a kan shafin, kuma adireshin nasa ne. Shopify da dala ake biyansa duk wata, wanda ya yi wa mai sayar da humra nauyi.

Sai WordPress, wanda shi ne abin da yawancin masu gini a Najeriya ke nufi idan suka ce za su yi shafi. Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi a 2003, kuma yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Manhajar kyauta ce, masauki ake biya. Akwai WordPress.org inda ake samun manhajar, akwai kuma WordPress.com, kamfani mai sayar da masauki, kuma mutane kan rikita su. Idan aka ƙara masa WooCommerce, shi ma kyauta, sai ya zama cikakken shago mai lissafin kayan da suka rage. Ƙarfinsa shi ne ana iya kwashe shi gaba ɗaya daga wani masauki zuwa wani, kuma a kowane gari akwai wanda ya iya shi, don haka mutum ba ya zama fursunan mai gini ɗaya.

Rauninsa shi ne yana son kulawa kamar babur. Shi da rigar da aka sa masa da ƙananan manhajojin da aka liƙa masa duk suna buƙatar sabuntawa a kai a kai, in ba haka ba masu kutse su samu ƙofa. A nan ne wata arahar ke cutarwa. Wasu masu gini suna sauko da riguna da manhajojin kuɗi da aka fasa aka raba kyauta, su sa wa kwastoma don farashi ya sauka. Irin waɗannan ba sa samun sabuntawa, kuma sau da yawa wanda ya fasa su ya ɓoye wani abu a ciki. Bayan wata biyu sai shafin ya fara tura mutane wani wuri, ko Google ya sa masa jan gargaɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Rigunan kyauta na halal da ke cikin ma'ajiyar WordPress sun ishi ƙaramin shago.

Game da masauki, farashin da aka rubuta da manyan lambobi galibi na shekarar farko ne. Na sabuntawa yana can ƙasa da ƙananan haruffa, shi ya kamata a nema kafin a biya. Sannan kada a biya kuɗi daban don ɗan kwaɗon tsaro da ke sa adireshi ya fara da https. Let's Encrypt yana ba da wannan takardar kyauta, tana sabunta kanta, kuma kamfanonin masauki da yawa sun haɗa ta cikin tsarinsu. Ba kuma abin wasa ba ne, domin tun Yulin 2018 Chrome yake rubuta wa shafin da ba shi da ita cewa ba shi da tsaro. Kwastoman da ya ga haka ba zai tura kuɗi ba.

Datar kwastoma ma kuɗi ce

Masu gini da yawa a kan kwamfuta mai faɗin allo suke aiki, su nuna wa mai sana'a shafin a nan, da hotuna masu zamewa da bidiyo mai kunna kansa. Kwastoma kuwa da ƙaramar wayar Tecno ko itel zai shigo, wataƙila a wurin da sabis ke hawa yana sauka, da datar da ya saya ta kwana ɗaya. Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane sun ƙara lura da abin da ke cinye musu megabait.

Lissafin a fili yake. Hoto ɗaya daga kyamarar waya zai iya kai MB 4. Idan aka ɗora talatin yadda suke, shafin ya zama MB 120. Babu wanda zai jira. Idan aka rage faɗin kowane hoto aka matse shi zuwa wajen KB 100, talatin ɗin sun koma MB 3, kuma a allon waya ido ba zai ga bambanci ba. Squoosh da TinyPNG suna yin wannan kyauta a cikin burauzar waya, kuma nau'in hoto na WebP ya fi JPEG rashin nauyi. PageSpeed Insights na Google zai auna shafin ya nuna abin da ke ja masa baya. Google ɗin kansa fuskar waya yake dubawa wajen jera shafuka a sakamakon bincike. Amma gwajin da ya fi kowanne shi ne a ari wayar da ta fi kowace tsufa a gidan, a kashe Wi-Fi, a buɗe shafin. Kada a biya cikon kuɗin aiki kafin a yi wannan.

Abin da ke cikin shafin ya fi adonsa muhimmanci, kuma ba ya cin ko kwabo. A rubuta farashi. Al'adar "shigo ta ciki a faɗa maka" tana korar mai kunya da mai gaggawa, kuma tana cinye lokacin mai shago wajen amsa tambaya ɗaya sau hamsin. Idan farashi yana yawan canzawa, a rubuta ranar da aka sabunta shi. A sa hotunan kayan gaske da aka ɗauka da hasken rana, domin kowa ya gaji da hoton da aka kwaso daga intanet kaya su zo daban. A faɗi wurin shago yadda ake kwatance a gari, layin wane, kusa da wane masallaci ko gidan mai. A faɗi yadda ake aika kaya zuwa wasu garuruwa, ta wace tasha, kwana nawa, wa ke biyan kuɗin mota, da abin da za a yi idan kaya suka zo da matsala. Mai kwastomomi a Maraɗi ko Damagaram ya faɗi ko yana karɓar sefa da kuma yadda ake turowa. Rubutu da Hausa ba ragi ba ne, Gboard yana da allon Hausa mai haruffan lanƙwasa, kuma wanda ya karanta bayani da harshensa ya fi saurin yarda. Sai dai a tuna mutane suna bincike da kalmomin da suka saba, don haka sunan kaya da sunan gari su fito a rubuce, kada su maƙale a cikin hoto inda Google ba zai ɗauke su da muhimmanci ba.

Karɓar kuɗi

Yawancin ciniki a Arewa da tiransifa yake ƙarewa, ta banki ko OPay ko Moniepoint ko PalmPay, kuma babu laifi shafi ya tsaya a nan: a zaɓi kaya, a danna maɓalli, hira ta buɗe a WhatsApp. Ana yin wannan maɓallin da wa.me sai lambar waya da ta fara da 234, ba tare da sifilin farko ba. Matsalar tiransifa ita ce alat na bogi da hoton rasit da aka gyara, don haka sai an ga kuɗi a cikin manhajar banki kafin kaya su fita.

Wanda odarsa ta yi yawa zai iya haɗa Paystack ko Flutterwave, su tabbatar da biya da kansu. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015 kuma Stripe ya saya a 2020, ya daɗe yana cire kashi 1.5 cikin 100 da naira 100 a kowane cinikin cikin gida. Ba ya cire naira 100 ɗin idan cinikin bai kai 2,500 ba, kuma duk girman ciniki ba ya wuce 2,000. Wato a kayan naira 20,000 zai ɗauki 400, a na 500,000 kuma 2,000. Babu kuɗin wata, sai an yi ciniki. Kamfanonin biyu suna da ƙaramin shagon intanet na kyauta da za a iya jera kaya a ciki, wanda ya ishi mai kaya goma ko ashirin. Ana iya farawa ba tare da rajistar kamfani ba, da BVN da katin shaida, amma akwai iyakar kuɗin da za a karɓa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC tana ɗage wannan iyakar, tana kuma ba da damar buɗe asusun banki da sunan shagon. Wannan na ƙarshen yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Baƙon da ya ga sunan shago a shafi, ya je tura kuɗi ya ga sunan wani mutum daban, sau da yawa nan yake tsayawa.

Tunda shafin zai riƙa karɓar suna da lambar waya da adireshin gida, ya kamata a san cewa Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. A karɓi abin da aika kaya ke buƙata kawai, kuma kada a zuba lambobin mutane cikin guruf ɗin talla ba da izininsu ba.

Kafin a biya mai gini

Biyan wanda ya iya aiki ba almubazzaranci ba ne, musamman ga wanda lokacinsa ya fi tsada a kan keken ɗinki. Amma a rubuta yarjejeniya, ko da a saƙon WhatsApp ne da kowa ya amsa da "na yarda". A raba kuɗin gida uku a rubuce, na adireshi, na masauki, na aikin hannu, a kuma rubuta abin da za a biya badi. A faɗi wanda zai riƙa sabunta manhajoji da ajiye kwafin shafin, da ladansa idan akwai. Mai sana'a ya karɓi kalmar sirrin babban mai kula da shafi, ya shiga da ita a gaban mai ginin ya ga ta yi aiki. Sannan ya ce a koya masa abu biyu a wayarsa, canza farashi da ɗora sabon hoto. Shafin da sai an kira wani kafin a gyara farashin yadi ɗaya, cikin wata uku zai cika da tsohon farashi, kwastoma kuma zai riƙe mai shago da abin da ya gani a rubuce.

Ranar cikar wa'adin adireshi a sa ta a kalandar waya da tunatarwa wata guda kafin lokaci, a kuma rubuta ta a bangon littafin bashi, inda ido ke kaiwa kullum. Idan ciniki ya yi kyau a lokacin sallah, ana iya biyan shekara biyu ko uku a haɗe.

Akwai kuskure ɗaya da ake yawan gani a shafukan da aka gina da kyau: babu wata hanyar samun mai shago sai koren maɓallin WhatsApp. A rana irin ta 4 ga Oktoban 2021, wannan shafin zai buɗe lafiya, kwastoma ya ga kaya ya ga farashi, ya danna maɓalli ya tsaya yana kallon allo. A ƙarƙashin maɓallin a rubuta lambar kira a fili, wadda za a iya dannawa ta buga, a ƙara ta biyu ta wani kamfanin layi daban, da lokacin da ake ɗaga waya.